Darasi na 14: Keken hawa, yadda za ki zaɓi wanda ba zai cinye miki asusu ba

Ranar da na fara kawo maganar keke a zaman ƙungiyarmu a Unguwar Mu'azu, sai da aka yi mini dariya. Wata ta ɗauka keken ɗinki nake nufi, har ta fara tambaya ko mai ƙafa ne ko mai lantarki. Wata kuma ta ce, "Malama, Keke Napep? Ai ko sau goma muka fasa akwatin nan ba zai saye shi ba." Na ce a'a, keken hawa nake nufi, mai taya biyu. Sai wata dattijuwa daga cikinmu ta riƙe haɓa ta ce, "To mu da girmanmu, ina mu ina keke?"

Na ce, "Inna, ba ke za ki hau ba. Amma wa ke biyan kuɗin motar jikanki kullum safiya?" Ta ce ita. "Wa ke biyan kuɗin wanda zai je Bakin Dogo ya sayo miki kayan miya?" Ta ce ita. Daga nan dariya ta tsaya, aka gyara zama.

Wannan darasi na wadda ke da ɗa, ko ƙane, ko maigida, ko yaron aike da ke yin gajeriyar tafiya a cikin gari kullum ne, kuma kuɗin tafiyar daga lalitarta yake fita. Idan a gidanku ana barin 'ya mace ta hau keke zuwa makaranta ko Islamiyya, ita ma darasin ya shafe ta. Wannan shawara ce ta cikin gida, kowa da yadda suke yi, ni ba zan yanke wa kowa ba.

Abin da ya jawo maganar

Kowa a nan ta san abin da ya faru tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000. Mai Napep ba shi da laifi, shi ma saye yake. Amma mu da ke sana'ar cikin gida, ribar awara da zoɓo da kunun aya ba ta tashi yadda kuɗin mota ya tashi ba. Na sha ganin mace ta zo zama da rabin zubin da ta saba, in an tambaye ta sai ta ce kuɗin motar yara ne ya cinye.

Kuma ku duba inda muke zuwa. Daga Unguwar Mu'azu zuwa Kinkinau, Kabala West, Tudun Wada, Kasuwar Barci, Unguwar Sanusi ko Tudun Nupawa, duk ba wata tafiya ba ce. Mai tafiya da ƙafa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa guda. Mai keke, ba tare da ya yi gudun da zai jiƙe da gumi ba, yana cin 12 zuwa 15. Wato tafiyar da za ta ɗauki yaro awa ɗaya a ƙasa, a keke minti ashirin ce ko kusa da haka. Wannan shi ne ma'aunin da nake ba mata: in tafiyar ba ta wuce awa ɗaya a ƙafa ba, tafiyar keke ce. In ta wuce haka sosai, kamar a ce daga nan zuwa Kawo kullum, a sake tunani, musamman in yaron ƙarami ne.

Yadda na ƙona kuɗina

Bari in fara da kaina, don kada ku ce Malama ta zo da iyayi. Da aka yi rabon ƙarshen shekara, na ware wani abu na ce zan saya wa ɗana na biyu keke. Na tafi da shi kasuwa, mu biyu kawai. Wannan shi ne kuskure na farko. Yaro ya hango wani ja mai walƙiya, da giya birjik, da shokazoba gaba da baya, da rubutun Turanci manya-manya a jiki. Mai kayan ya ce giya 21 gare shi, irin na 'yan tsere ne. Kuma kuɗinsa bai kai na wani baƙi mai kariya da ke jingine a gefe ba, wanda yaron ya ce na tsofaffi ne, shi wallahi ba zai hau ba abokansa su yi masa dariya. Na ga araha, na ga yaro yana murna, na biya.

Sati uku kaca ta fara zamewa. Wata biyu, ɗan ƙarfen nan da ke rataye a baya mai sauya giya ya lanƙwashe ya shige cikin wayoyin taya, ya tsinka guda huɗu. Na kai wa Baba mai gyaran keke na bakin layinmu. Ya juya shi, ya murza feda, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, da kin zo wurina kafin ki saya, da kuɗin shayi kawai za ki ba ni." Ya gyara, ya sake lalacewa, ya sake gyarawa. Ga shi ba kariya, don haka ko robar kunun aya ba a iya ɗaura masa, alhali rabin dalilin sayensa ke nan. Kafin damina ta fita keken yana jingine a bayan ɗaki kaji na kwana a kai, ni kuma na koma biyan kuɗin mota. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, to ni na ga tawa.

Abin da na koya a wurin Baba shi ne mafi yawan abin da ke cikin darasin nan. A taƙaice: kuɗin keke ba wanda kika miƙa ranar saye ba ne kaɗai. Keke mai araha shi ne wanda mai gyaran unguwarku zai iya gyarawa da kayan da ke cikin akwatinsa, ba sai an aika Legas ko Kano neman wani ƙarfe ba.

Kafin ki taka kasuwa

Ki zauna ki amsa wa kanki abu uku. Wa zai hau? Wace hanya zai bi? Me zai ɗauko?

Maganar mahayi, ana auna keke da girman taya, da inci. Ɗan shekara bakwai zuwa tara yawanci inci 20 ne daidai shi, wanda ya ɗara haka zuwa sha biyu inci 24, saurayi da babba kuma 26 ko 28. Amma shekaru ba su ne ma'auni ba, jiki ne. Ki sa shi ya tsaya da keken tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa. In sandar tsakiya tana taɓa shi, keken ya fi ƙarfinsa. Sannan ya hau sirdi ya ɗora diddige a kan feda lokacin da take ƙasa: ƙafar ta kusa miƙewa, ba ta lanƙwashe ba, ba kuma ya riƙa miƙa kamar mai tsinko mangwaro ba. Mu iyaye muna da halin "a sayi babba zai girma a kai", kamar rigar sallah. Riga in ta yi yawa a naɗe hannu. Keke in ya yi yawa, yaro ba ya iya dire ƙafa da sauri in mota ta tsaya a gabansa. Ki sayi wanda ya yi masa yanzu, da sauran tsawo a sandar sirdi da za a riƙa ɗagawa yana girma.

In 'ya mace ce za ta hau, ko namiji mai yawan sa doguwar riga, ki nemi keken mata, wanda sandarsa ta yi ƙasa, kuma lalle ya kasance da marfin kaca. Gefen hijabi ko zani in ya shiga kaca ko wayoyin taya, faɗuwa ce mummuna.

Maganar hanya kuma, ki tashi ki bi ta da ƙafarki ko sau ɗaya. Kwalta ce ko jar ƙasa? Akwai hawa mai tsanani? Akwai inda dole sai an tsallaka babban titin Nnamdi Azikiwe, wanda muke ce wa baifas? Yawancin hanyoyinmu a wannan yanki hawansu ba ya buƙatar giya. Inda ya yi tsauri a sauko a tura, minti biyu ne, ba abin kunya ba ne.

Kaya kuwa, in dai don sana'arki ne, kariya mai ƙarfi ita ce gaba da komai. Ki kama ta ki jijjiga. Wadda aka ɗaure da ƙusoshi a jikin keken ta ƙasa da ta sama ita ce ta aiki. Wadda aka maƙala a sandar sirdi kawai ta ado ce.

Irin kekunan da za ki tarar

Na farko shi ne baƙin doki, keken iyayenmu, mai taya 28 da birkin ƙarfe. Asalinsa irin na Raleigh ne, na garin Nottingham a Ingila, wanda har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano a da. Daga baya Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin, da Hero da Avon na Ludhiana a Indiya suka cika kasuwa da irin ƙirarsa. Yana da nauyi, ba ya burge yara, kuma birkinsa ba ya kamawa sosai in wili ya jiƙe. Amma yana ɗaukar kaya, kuma babu mai gyaran keke a Kaduna da bai san cikinsa da bayansa ba. Don maigida ko babban saurayi mai kai kaya, ni shi nake zaɓa. Sai dai ki sani, suna a jikin keke fenti ne da takarda. Ba duk mai ɗauke da tsohon suna ne ke da tsohon ƙarfe ba, ki ɗaga ki ji, ki kuma bar mai gyara ya duba.

Na biyu su ne na gwanjo masu kwando a gaba, waɗanda ake ce wa 'yan Japan. A can ƙasar irinsu iyaye mata ke hawa zuwa cefane da kai yara makaranta, don haka an yi su ne daidai irin buƙatarmu: sanda a ƙasa, marfin kaca, marfin taya mai tare taɓo, kwando, jek na tsayarwa, wasu har da fitila da makulli a jiki. Don ɗan makaranta da 'yar makaranta, in an dace da mai lafiya, ban ga kamarsu ba. Matsalarsu biyu ce. Wasu suna da giya uku a ɓoye cikin cibiyar tayar baya. Tana da ƙarko, amma ranar da ta lalace ba kowane mai gyara ke iya buɗe ta ba. Ta biyu ita ce taya, zan zo kanta.

Na uku su ne masu faɗin taya da giya a waje. A cikinsu akwai na kirki, musamman tsofaffin gwanjo marasa shokazoba, masu jikin ƙarfe. Irin wannan in giyarsa ta gaji, mai gyara zai iya cire ta, ya rage kaca, ya mayar da shi mai giya ɗaya, ya ɗaura masa kariya, ya zama jakin aiki. Wanda nake ce ku guje shi ne irin nawa: sabo fil, mai kayan ado da yawa, kuma kuɗinsa ƙasa da na baƙin doki. Ku yi tunani mana. In an sa wa keke giya 21 da shokazoba biyu kuma ya fi wanda ba shi da ko ɗaya araha, a ina aka rage kuɗin? A jikin ƙarfen aka rage.

Lambar da ke jikin taya

Wannan wurin ku saurara da kyau, don ya sha kayar da mutane. Ba duk taya mai lamba 26 ce iri ɗaya ba. Akwai 26 x 1.95 ko 26 x 2.125, ta masu faɗin taya. Akwai kuma 26 x 1 3/8, wadda yawancin 'yan Japan ke sawa. Duk 26 ake kiransu, amma ɗaya ba ta shiga wilin ɗaya. In kin duba gefen tayar da kyau za ki ga wata lamba ta biyu: ta farko tana ƙarewa da 559, ta biyu da 590. Ta baƙin doki, 28 x 1 1/2, tana ƙarewa da 635. Wasu 'yan Japan ɗin ma 27 ne. Ki sa a kwafe miki lambar a takarda, ki tambayi mai gyaran unguwarku da mai sayar da kayan keke: akwai tayar nan da tiyub ɗinta a nan? Nawa ne? In sun fara "sai dai a sa a kawo", ki bar keken nan komai kyansa.

Haka bawul, wato bakin da ake ba taya iska. Akwai mai kauri irin na mota da babur, wanda kowane mai faci a bakin titi zai ba shi iska. Akwai na tsofaffin kekuna mai 'yar roba a ciki, shi ma sananne ne, robar ce kawai ke mutuwa a sauya. Akwai kuma wani siriri dogo na kekunan tsere, wanda sai da famfonsa ko da ɗan abin da ake ɗaura masa. Na ukun nan wahala ce ga yaron da tayarsa ta sace a hanyar makaranta.

Duba na hannu

Ki tafi da mai gyara. Na sake faɗa: ki tafi da mai gyara, ki biya shi kuɗin motarsa da ladan lokacinsa. Kuma ya zama naki ne, na unguwarku wanda gobe za ki same shi, ba wanda mai kayan ya kira daga shagon gefe ba. Yaron da zai hau ma ya zo domin awo, amma ki gaya masa tun daga gida cewa ba shi ke zaɓe ba.

Ke ma kada ki tsaya kallo kawai, akwai abin da idonki da hannunki za su gane. Ki fara da jikin keken, don shi ne abin da ba ya sauyuwa da araha. Ki duba duk mahaɗar sanduna, musamman bayan wuyan keke inda kai ke shiga. In fenti ya yamutse a wurin ko ya tsage, keken ya taɓa yin karo. In kin ga sabon fenti a wuri ɗaya tak, ki shafa da yatsa, sau da yawa walda ce aka ɓoye. Tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce, wadda ta ci ƙarfe har yana ɓarewa ita ce matsala. Ki koma gefe ki kalli ƙafafun gaba masu riƙe da taya: in sun karkata baya suna neman jikin keken, an buga shi da wani abu.

Sannan a ɗaga kowace taya a juya. Ta yi ta juyawa shiru, ba ta kaɗa kai hagu da dama ba. Ki matsa wayoyin taya bibbiyu da hannu. In wasu sun saki ko sun tsinke, a rage kuɗi, in da yawa ne a bari. Ki kama taya ki girgiza ta gefe da gefe, ki yi wa hannun feda haka. In kin ji ƙwas-ƙwas, boris ya ci. Wannan gyara ne mai sauƙi, amma kuɗi ne, a cire shi daga farashi. Ki ja kaca daga gaban babban faranti: in ta ɗago har kina hango haƙoran a ƙarƙashi, ta gaji. Haƙoran kuma in sun yi tsini kamar ƙaya, su ma sun gaji, kuma yawanci tare ake sauya su da kacar. Ki matse birkin gaba ki tura keken, ki matse na baya ki tura. Hannun birki bai kamata ya taɓo kan keke kafin ya kama ba. Daga ƙarshe mai gyara ya hau ya zaga, ya ji ko yana ja gefe ɗaya.

Taya, tiyub, robar birki, waya, feda da sirdi duk kayan sauyawa ne. Keke mai lafiyayyen jiki da tsohuwar taya ya fi mai sabuwar taya da karyayyen wuya. Kariya, kwando ko jek in babu, a Panteka akwai maƙera da masu walda da za su yi miki daidai keken.

Rasit da shaida

Kada ki sayi keke a hannun yaron da ya biyo layi da shi yana cewa kuɗi yake nema da gaggawa. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma ranar da mai shi ya gan shi, ke za ki rasa keke, ki rasa kuɗi, ga zuwa ofishin 'yan sanda, ga bashin ƙungiya yana jiranki. Ki saya a shago ko a hannun wanda aka san gidansa. A rubuta rasit da sunanki, da kwanan wata, da launi, da lambar jikin keken, wadda yawanci ake bugawa a ƙarƙashin inda feda ke juyawa ko a sandar da ke ƙarƙashin sirdi. Shaida ya sa hannu. Ki ɗauki hoton keken da lambar a waya, rasit kuma ki ajiye shi tare da littafin zubinki.

Lissafi

Tsarin da muke bi na akwati mai kwaɗo uku ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da CARE ta fara da su a yankin Maraɗi, a Nijar, a 1991. Dokarsa ta rance kun san ta: mace ba ta ɗaukar fiye da ninki uku na abin da ta tara, kuma tana biya cikin wata uku. Wata ukun nan shi ne inda maganar keke ke da tarko.

Ga misali. Alƙaluman na koyarwa ne, kowace ta sa nata na gaskiya. A ce yaro yana cin naira 500 a rana zuwa da dawowa, kwana biyar, 2,500 ke nan. A ce kina aika kasuwa sau biyu a mako a kan 600, 1,200 ke nan. A mako 3,700, a mako huɗu 14,800. Amma ba duka keke zai ceto ba. Akwai faci, akwai mai, akwai ranar da ruwan sama zai sa dole a hau mota. Ki ware 3,800 domin waɗannan, saura 11,000. A ce keken, da gyaran farko, da kwaɗo da sarƙa, da famfo, da ladan mai gyara, duka sun tashi 66,000. Keken zai biya kansa cikin wata shida.

To amma rance wata uku ne. In kika ranto 66,000 duka, kowane wata 22,000 za ki kawo, ban da kuɗin hidima in ƙungiyarku na karɓa, alhali keken 11,000 yake ceto miki. Ragowar daga ina? Daga jarin awara. Nan ne mace ke shiga uku, ga keke a tsakar gida ga jari ya karye. Shi ya sa shawarata ita ce ɗayan biyu: ko ki jira rabon ƙarshen shekara ki saya da kuɗinki, ko ki tara rabi ki ranci rabi. In kin ranci 33,000, kowane wata 11,000 ne, daidai abin da keken ke ceto miki. Kuma kada ki ɗauki rancen dab da dogon hutun makaranta, lokacin da dama ba kya biyan kuɗin motar da za a ce an ceto.

Abu ɗaya da ke ɓata lissafin nan shi ne kuɗin da aka ceto ba ya ganuwa. Naira 500 da ba ki bayar yau ba za ta shige cefane ba ki sani ba. Wata 'yar ƙungiyarmu ta yi dabara mai kyau: kullum safiya in yaro ya fita da keke, sai ta jefa kuɗin motar a gwangwani kamar ta ba mai Napep. Ranar zama ta juye ta kawo. Ba ta taɓa makara da biya ba.

Keken na wane ne?

Wannan ba a jikin ƙarfe yake ba, amma ya fi kaca kashe keke. Kin ci bashi kin saya don makaranta da kai kaya, sai ƙanen maigida ya ara "yanzu zan dawo", sai maƙwabci ya aiko, sai abokan yaro su riƙa goyon juna uku-uku a lungu. Ranar da ya lalace kuwa kowa ya ce ba a hannunsa ba ne. Tun kafin keken ya shigo gida ki zauna da maigida cikin ladabi ku yi magana: wannan kayan sana'a ne kamar injin markaɗe, akwai bashin mata a kansa, makulli yana hannuna, wanda ya ara ya ɓata shi zai gyara. In maigida ne ya faɗi haka da bakinsa a gaban yara da 'yan uwa, kin huta da baƙin jini. In kuma shi ne zai riƙa hawa zuwa wurin aiki, ku yi yarjejeniya a fili kan wa zai biya rancen, kada a bar shi a "ai duk ɗaya ne".

A kan hanya

Ba zan ɓoye muku ba, keke ba shi da gangar jiki, jikin yaron ne gangar. Baifas hanyar tirela da tanka ce. Ƙaramin yaro kada ya bi ta a kan keke. In dole sai ya tsallaka, ya sauko ya tura, a inda mutane ke tsallakawa. Ku fitar masa da hanyar cikin unguwa ko da ta fi tsawo, wani babba ya raka shi kwana biyu ko uku na farko. Ya riƙa bin hannun dama tare da motoci, ba ya fuskance su ba. Kada ya kama bayan mota ko Napep ta ja shi. Kada ya toshe kunne da waƙa. In zai kai magariba a waje, fitila a gaba da jan abu mai ƙyalli a baya dole ne. Hular kwano in da hali a saya, kai ba shi da gwanjo. In za a goya ƙaramin yaro a kariya, a kula da ƙafarsa, wayoyin taya suna yanke diddige.

Kulawa kuma ba ta da yawa. Iska a taya kowane mako, domin taya mai laushi ita ke yawan faci kuma ita ke gajiyar da mahayi. A goge kaca da tsumma a ɗiga mata mai kaɗan, a sake gogewa. Da hunturu kada a cika man, ƙura ce ke mannewa ta zama kamar yashi tana cin ƙarfe. Da damina kada ya kwana a ruwa. A ɗaure shi ta jiki, ba ta taya kaɗai ba, a jikin abin da ba ya ɗaguwa, ko da a cikin makaranta ne.

Aikin zama mai zuwa

Duk mai sha'awa ta rubuta kuɗin motar da ya fita daga hannunta na kwana bakwai, kowace rana da inda aka je da wanda ya je. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗanta, ko ta zo wurin magatakarda. Mutum biyu su je wurin mai gyaran keke mafi kusa su tambayo kuɗin faci, tiyub, taya da kaca, da kuma lambar tayar da ya fi samu a kasuwa. Wasu biyu su tambayo farashin sabo da na gwanjo a shago uku daban-daban, ba tare da sun nuna za su saya ba. Ni kuma zan roƙi Baba ya zo da keke ɗaya mai lafiya, in kawo nawa jan daga bayan ɗaki in kakkaɓe masa kashin kaji, mu jera su a tsakar gida kowa ta girgiza taya da hannunta ta ji bambancin.